Wanda Ya Raya Ƙasar Da Ba Tasa Ba: Shin Guminsa Ya Halatta Masa Ita?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, mas'alar da za mu duba a wannan mako ita ce: mutum ya sami ƙasa ta hanyar da ba ta dace ba, amma ya zuba dukiyarsa da ƙarfinsa a cikinta har ta yi albarka, jama'a ma suka amfana. Shin wannan wahala tasa ta halatta masa ita? In ya mutu kuma, da wane suna za a tuna da shi, mai gyara ko mai ƙwace? Wannan tambaya ta shafi kowa, gama duk wanda ke zaune a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san cewa rigimar gona da daji ta daɗe da wuce gaban alƙali, ta kai ga zub da jini.

Bari mu fara da kalma ɗaya ta Larabci. Abin da muke kira mulkin mallaka, Larabawa suna ce masa isti'imar. Asalin kalmar kuwa mai kyau ne, ma'anarta neman a raya wuri, a cika shi da gini da shuka. Daga tushenta ne aka sami lafazin da ya zo a aya ta 61 ta Suratu Hudu, inda Annabi Salihu yake tuna wa Samudawa cewa Allah ne ya halicce su daga ƙasa, ya kuma ɗora musu raya ta. To, da wannan suna mai daraja aka lulluɓe aikin Turawa a ƙasashen mutane, har waɗansu marubutan Aljeriya suka ƙi yarda, suka ce sunan da ya dace da shi istidmar, watau rushewa. Wannan jayayya a kan suna ita ce zuciyar maganarmu ta yau.

Domin mu ga al'amarin a sarari, sai mu ɗauki tarihin mutum guda, wanda ya fi kowa suna cikin Turawan da suka yi kaka-gida a Afirka ta Gabas, watau Lord Delamere. An haife shi a Ingila a 1870, ya gaji sarautar gidansu da dukiyarta yana ɗan shekara 17. Farautar zaki ta fara kawo shi ƙasar Somaliya a 1891, inda daga baya zaki ya kama shi, wani Basomale mai riƙe masa bindiga ya cece shi, ya rayu da ɗingishi har mutuwarsa. Cikin yawon farauta ya ga tuddan Kenya masu sanyi da ni'ima, suka shiga ransa. A 1903 ya dawo da niyyar zama, gwamnatin Ingilishi ta ba shi hayar eka 100,000 a wajen Njoro ta shekara 99, a kan fam 200 kowace shekara. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: kimanin sisin kwabo ke nan a kan kowace eka. In kuwa aka ce eka biyar ta ishi magidanci, to, an ba mutum ɗaya abin da zai ishi magidanta 20,000. Bayan 'yan shekaru ya ƙara da wata babbar gona a Soysambu, kusa da tafkin Elmenteita.

Adalci ya wajaba ko a kan wanda ba mu so, saboda haka dole a faɗi cewa mutumin nan bai kwanta ya miƙe ƙafa ba. Ya kawo tumaki daga ƙasashen waje, suka mutu saboda ƙasar Njoro ta rasa waɗansu sinadaran da dabba ke bukata. Ya kawo shanu, cuta ta karkashe su. Ya shuka alkama, cutar tsatsa ta cinye ta. Bai karaya ba, ya ci bashi a kan gidan gadonsu na Ingila, ya sa aka yi ta gwajin iri har aka sami alkamar da ke jure wa cutar, ya haɗa dabbobin waje da na gida har aka sami irin da ya karɓi ƙasar. Da hannunsa aka kafa kamfanin niƙa gari na Unga, da ƙungiyar masu sarrafa madara ta Kenya a 1925. Ya iya harshen Masai, yana zama da su yana hira. Ya mutu a 1931 da bashi mai nauyi a wuyansa. Masoyansa suka kafa masa gunki a tsakiyar Nairobi, suka sa wa babban titin birnin sunansa.

Hujjar masu yabonsa ke nan, kuma hujja ce da ta cancanci amsa. Suna cewa: ƙasar nan ya same ta daji, ya bar ta gona. Ashe addininku ma bai ce wanda ya raya matacciyar ƙasa ta zama tasa ba?

Lalle addini ya faɗi haka. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Abu Dawuda da Tirmizi ma sun ruwaito shi, kuma a kansa malaman fiƙihu suka gina babin da suke kira ihya'ul mawat. Ba a ma keɓe hukuncin ga Musulmi kaɗai ba, gama a Mazhabar Malikiyya wanda ba Musulmi ba, mai zaman amana, yana iya raya ƙasa mai nisa da gari a wajen Tsibirin Larabawa ta zama tasa. Saboda haka laifin Delamere ba farar fatarsa ba ce, ba kuma baƙuncinsa ba. Amma fa hadisin bai tsaya nan ba. Ƙarshensa ya bayyana cewa saiwar da azzalumi ya dasa a ƙasar wani ba ta da wani haƙƙi. Masu son ƙasar mutane, jiya da yau, rabin farko suke haddacewa.

Sa'an nan mece ce matacciyar ƙasa? A wurin malamanmu, ita ce wadda babu wani mai haƙƙi a kanta ta kowace fuska. Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa abubuwan da ke fitar da ƙasa daga wannan suna, a cikinsu akwai harimin gari, watau wurin da mutanen gari ke zuwa itace da wurin da dabbobinsu ke kiwo, gwargwadon inda za a fita da safe a komo da yamma. Ka ga ke nan rashin ganin kunya ko shinge a wuri ba shi ne mutuwarsa ba. Makiyaya rayayyar ƙasa ce ko da ba a taɓa sa mata garma ba, kuma makiyayin da ya tafi cin rani bai sarayar da haƙƙinsa ba.

To, yaya ƙasar da Turawa suka tarar a Kenya take? A shekarun 1890 annobar bushiya ta share shanun Masai, kamar yadda ta share na Fulaninmu a nan, agana da yunwa suka biyo baya. Turawa suka iso suka ga fili fetal, suka ce ba mai shi. Alhali gidan makoki suka tarar, masu shi suna jinya. Da a ce ƙasar ba ta kowa ba ce, da ba a bukaci yarjejeniya da Masai ba. Amma a 1904 aka sa shugabanninsu suka sa hannu a kan su tashi daga makiyayarsu ta wajen Naivasha da Nakuru, su koma Laikipia da wani yanki a kudu, aka yi musu alkawari cewa wannan tsari zai tabbata muddin akwai Masai a duniya. Shekara bakwai kawai aka yi, a 1911 aka sake tashinsu daga Laikipia, mutane da dabbobi suka halaka a hanya. Suka kai ƙara kotun Turawa, a 1913 kotu ta kori ƙarar, ta ce abin da aka ƙulla yarjejeniya ce tsakanin hukumomi biyu, ba ta da hurumin saurarensa.

Shi kansa Delamere bai ɓoye manufarsa ba. A gaban hukumar binciken ƙwadago ta 1912 zuwa 1913 ya nuna cewa muddin kowane baƙar fata yana da ƙasar da za ta ishe shi, Turawa ba za su sami 'yan ƙwadago ba, don haka a rage musu ita. Wannan magana ita ta kashe hujjar masoyansa. Mai raya mataccen wuri ba ya bukatar maƙwabcinsa ya talauce. Wanda arzikinsa ba ya tsayawa sai an mai da masu ƙasa barori a kan ƙasarsu, ya san abin da yake yi.

Yanzu ina matsayin guminsa? A nan ne hikimar Shari'a take bayyana, domin ba ta yi watsi da wahalar mutum ba, ba ta kuma bari wahalar ta haɗiye haƙƙin wani ba. Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya san an raba tsakanin mutum biyu. Na farko ya yi gini ko shuka a ƙasa yana zaton tasa ce, daga baya mai ita ya bayyana. Wannan ana kimanta masa aikinsa a tsaye, a biya shi. Na biyu ya san ta wani ce ya ƙwace. Wannan ana umurtarsa ya tumɓuke abin da ya dasa, ko kuwa mai ƙasa, in ya so, ya biya shi kuɗin kayan a matsayin rusassu, bayan an cire ladan mai rushewa. A duka fuskoki biyu haƙƙin mai ƙasa yana nan daram. Aikin kirki yana da lada da kima, amma ba ya zama takardar saye. Wanda ya saci goɗiya ya kiwata ta ta yi ƙiba, an yarda ya iya kiwo, goɗiya dai ta mai ita ce.

Wani zai ce: ai hukuma ce ta ba shi, da takarda da hatimi. Amsa ita ce, hukuma wakiliya ce, kuma wakili ba ya kyauta da abin da ba a wakilta shi a kai ba. Abyadu ɗan Hammal ya roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka masa wurin gishiri na Ma'arib, ya yanka masa. Da aka sanar da shi cewa wurin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda jama'a duka ke ɗiba, sai ya karɓe kyautar. Sayyidina Umar kuma ya kira Bilalu ɗan Harisu, wanda Manzon Allah ya yanka wa ƙasa a Aƙiƙ, ya nuna masa cewa an ba shi ne don ya yi aiki, ba don ya tsare wa mutane ba, ya bar masa abin da zai iya rayawa, ya raba sauran ga Musulmi. In kyautar Annabi ta karɓi gyara saboda maslahar jama'a, ina ga ta gwamna? Game da kotu kuwa, hadisin Ummu Salama da ke cikin Buhari da Muslim ya yi gargaɗi cewa wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki har aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa. Mallam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya ga muhimmancin wannan babi har ya keɓe masa littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan dalilan da ke ba mutum haƙƙi a mataccen wuri.

Kada kuma mu yi tsammanin wannan ma'auni na auna Turawa ne kaɗai. Musulmi ma sun ci ƙasashe da yaƙi. Amma da aka ci Iraƙi, waɗansu sahabbai suka nemi a raba musu gonakin Sawad, Sayyidina Umar ya ƙi, ya bar ƙasar a hannun manomanta suna biyan haraji, yana tunanin waɗanda za su zo baya. Inda sarakunan Musulmi suka saɓa wa wannan, sun yi zalunci, kuma Umar ɗan Abdul'aziz da kansa ya fara da danginsa Banu Umayya wajen mai da dukiyoyin da aka karɓa ba bisa haƙƙi ba. Mu ma nan ƙasar Hausa an yi gandaye da rumada waɗanda bayi suka nome, kuma ba dukan bayin nan ne Shari'a ta yarda a bautar ba. Ma'aunin Allah ɗaya ne.

Me Delamere ya bari a bayansa? Alkama da madara suna nan, Kenya tana amfana. Amma ƙasar da aka keɓe wa Turawa ita ta haifi yaƙin Mau Mau, aka kafa dokar ta-ɓaci daga 1952 zuwa 1960, dubban mutane suka mutu, har a 2013 gwamnatin Ingila ta biya diyyar fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228 da aka azabtar. Da Kenya ta sami mulkin kai a 1963 aka kawar da gunkinsa daga Nairobi, titinsa ya koma titin Kenyatta. A 2005 da 2006 wani tattaɓa-kunnensa ya harbe baƙaƙen fata biyu a gonar Soysambu, a 2009 kotu ta same shi da laifi a kan na biyun. Ɗa ba ya ɗaukar zunubin ubansa, wannan ƙa'ida ce ta Alƙur'ani. Amma gado ba ya tsarkake haram, kuma ƙiyayyar da aka shuka tare da alkama ita ma ana gadonta. Abin baƙin ciki kuma, bayan tafiyar Turawa manyan 'yan ƙasa suka ɗora daga inda aka tsaya, kamar yadda rahoton hukumar Ndung'u na 2004 ya tona yadda aka yi ta rabon filayen jama'a ba bisa doka ba.

Mu dawo gida. A watan Maris na 1903, bayan cin Sakkwato, Gwamna Lugga ya shelanta cewa duk ikon da Fulani suka samu da yaƙi ya koma hannun Ingilishi. Duk da haka ba a yi mana irin ta Kenya ba. Dokar ƙasa ta 1910 ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna ne a matsayin amana don amfanin 'yan ƙasa. Wani abin lura shi ne, wanda ya share fagen wannan doka, Sir Percy Girouard, da ya bar Arewa a 1909 Kenya aka kai shi, kuma a zamaninsa aka tashi Masai a 1911, rigimar da ta biyo baya ta kai shi ga barin aiki a 1912. Mutum ɗaya, hukunci biyu. Wannan ya nuna ba tausayi ne ya tsare mu ba. Allah ne ya tsare mu da zafin ƙasarmu da zazzaɓinta, da yawan jama'armu, da tsarin sarauta da haraji da suka tarar. Suka ga ya fi musu riba su bar talaka a gonarsa, su sa masa harajin kuɗi, ya noma musu auduga da gyaɗa. Abin da ya fi kusa da gonar Bature a yankinmu shi ne gonar irin auduga da aka kafa a Daudawa ta ƙasar Faskari a shekarun 1920, audugar kuwa ana gurje ta a Funtuwa, jirgin ƙasa ya kwashe.

To, abin da Bature bai yi mana ba, shin mun tsare kanmu daga yi wa juna? A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. A 1978 aka kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta bisa amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum har hekta 500 don noma. Kalmar amana tana cikin doka, amma dattawan karkara sun san burtalin da aka nome, da mashayar da aka kewaye, da dajin da aka yanka wa mai kuɗin birni wanda ko hanyar wurin bai sani ba, da gonar marayu da dagaci ya sa wa hannu. Mai eka ɗari da ya same ta ta wannan hanya ƙanen Delamere ne, ko da yana sahun farko a masallaci, ko da ya haƙa wa gari rijiya. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sa ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da jama'a suke tarayya a kansu.

Kada wani ya ɗauki wannan magana uzuri ga 'yan bindiga. Wanda ya fake a dajin Rugu ko na Kogo yana hana manomi shiga gonarsa sai ya biya, ya haɗa ƙwacen ƙasa da fashi da kisan kai, hukuncinsa kuwa yana cikin ayar hiraba ta Suratul Ma'ida. Yara fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ran 11 ga Disamba 2020 ba su nome burtalin kowa ba. Zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka jinin wanda bai zalunce ka ba. Amma mai neman kashe gobara dole ya san inda ta tashi, kuma in an kwantar da bindiga aka bar rashin adalcin ƙasa yadda yake, an rufe garwashi da toka ne kawai.

Saboda haka muna kira ga gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su tuna cewa 'yan amana ne, kafin su sa hannu su tambaya wa ke itace da kiwo a wurin. Hakimai da dagatai da masu unguwa su tsare iyakokin da suka gada, kada goro ya sa su manta inda burtali ya bi. Mai dukiya da ke son babbar gona ya saya da yardar masu ita da kuɗin da ya dace, kamar yadda Manzon Allah ya ƙi karɓar filin masallacin Madina kyauta daga marayu biyu na Banu Najjar, sai da aka biya su. Wanda kuma ya gaji ƙasa ya san yadda aka same ta, ya nemi masu haƙƙi ya daidaita da su tun yana da numfashi.

Muslim ya ruwaito cewa wata mata, Arwa, ta kai ƙarar Sa'idu ɗan Zaidu gaban Marwan, ta ce ya ci mata iyaka. Sa'idu, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa albishir da Aljanna, ya ce yaya zai yi haka bayan ya ji Manzon Allah yana gargaɗin cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai? Ya roƙi Allah in ƙarya take yi ya bayyana, ta makance, ta faɗa rami a cikin ƙasar nan tata ta mutu. Taƙi ɗaya ke nan, jama'a. Mai eka 100,000 da mai kunya ɗaya ta maƙwabci, kowa zai ɗauki nasa, kabarinsu kuwa awo ɗaya ne.

Allah ya ba mu ikon mai da haƙƙi ga masu shi, ya kawo zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasarmu baki ɗaya, ya mai da manomi gonarsa da makiyayi makiyayarsa cikin aminci.